Ƙwan da Ya Dace da Delu

Daren jiya wani mafarki ya ɗauke ni ya yi ta yawo da ni, har yanzu da nake ba ku labari bakina ɗaci yake yi. Amma bari in fara gaya muku abin da na kwanta da shi a rai, kada ku ce Haladu ya fara taɓuwa.

'Yata Zuwaira likitancin dabbobi ta karanta. Da za ta tafi bautar ƙasa can Kudu, ba akuya ko zomo ta bar mini irin na 'ya'yan mutane ba, hawainiya ta bar mini a cikin kejin raga, wai sunanta Delu. Ta damƙa mini ita ta ce amana ce. Na yi dariya na ce mutumin da ya tsufa a kiwon kaji, 'yan tsaki suna tashi garke-garke a hannunsa, wannan 'yar abar ce za ta gagare shi? Ita Zuwaira kullum da hantsi takan fitar da kejin rana. Ni kuwa da sanyi ya shigo sai na mai da shi cikin ɗaki, na ɗauko jan ƙwan lantarkin nan da nake kunna wa 'yan tsaki na rataya mata, yana ci dare da rana. Sai Delu ta fara yin baƙi. Daga baƙi ta daina kama fara, daga nan ƙafafunta suka soma lanƙwashewa, in ta riƙe reshe sai ta sulluɓe.

Da na gaya wa Zuwaira a waya, sai ta ce ɗumi kaɗai ba ya isa. Wai akwai wani ƙwai da ake kira yubibi, mai ba da irin hasken nan na cikin rana da ido ba ya gani, shi ne ke ƙarfafa musu ƙashi. Har nan ba laifi. Sai ta ƙara da maganar da ta tsaya mini a rai.

"Baba, don Allah ka tambayi Baba Tanimu, shi ya san wanda ya dace."

Tanimu maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu, tare kuma muka yi ƙuruciya. Malamin kimiyya ne da ya yi ritaya, shi ya cusa mata son waɗannan halittu, yana da tasa hawainiyar kore shar da yara ke zuwa kallo. Tun Zuwaira tana rarrafe take ce masa Baba. Ni na haife ta, ni na yi jinyar ƙyandarta, amma sunan nan tare muke amsa shi. Kishi nake yi, ba zan ɓoye muku ba. Na ce mata to, na kashe waya, na ƙudurta a raina cewa da hannuna Delu za ta warke, ba tare da na tambayi kowa ba, don in yarinyar nan ta dawo ta san wanda za ta riƙa jingina da shi. Da wannan na kwanta.

Sai na tsinci kaina a wani gari da rana ba ta fitowa daga gabas, daga rijiya ake jawo ta. Mata sun yi layi da guga, kowace ta ja rabonta ta zuba a bokiti ta ɗora a ka, hasken yana ɗiga a kan hanya. Wadda ta makara sai ta wuni da asuba a gidanta. Babu wanda abin ya dama, ni ma bai dame ni ba. Delu tana kan kafaɗata, baƙa wuluk, ido ɗaya yana kallona, ɗayan yana kallon wani wuri daban.

"Fatata ta ƙone, ƙashina kuma sanyi yake ji," in ji ta.

Muryar tsohuwa gare ta, irin wadda ta gaji da mutane. Na ce ta kwantar da hankalinta, a hannun gwani take. Ko kallo na biyu ban samu ba. Na tambayi wata mata hanyar kasuwar ƙwai, ta ce in bi inuwata, ai ta riga ni tafiya tun ɗazu. Na duba, gaskiyarta, inuwata ta yi nisa, har ta tsaya gaisawa da wasu mutane.

A kasuwar, kaji ne masu rumfuna. Su ke saka ƙwan fitila da kansu, su jera a faranti, su zauna suna korar ƙuda da fiffike. Akwai ja, akwai fari, akwai shuɗi na masu biki, wasu ma tun ba su huce ba sun fara haske. Na tsaya gaban wata ƙatuwar kaza, ashe tawa ce, wadda na sayar ana gobe sallah. Ta gane ni, ba ta kuma riƙe ni a zuci ba, har ta tambaye ni mutanen gida.

Na ce ta ba ni jan ƙwai, wanda ya fi nawa girma. Ta leƙa kafaɗata ta ga Delu, ta girgiza kai. Ta ce ja na 'yan tsaki ne, hawainiya fari take so, talakan ƙwai mai ɗan zafi. A rataya shi ta wajen raga, a sama, a kusurwa ɗaya, yadda in ɗumi ya ishe ta za ta sauko ƙasa ta sha iska. Ta ce in ɗora bayan hannuna a kan reshen da ke ƙarƙashin ƙwan, in na kasa gama gaisuwar safe ba tare da na janye ba, to ya yi kusa da yawa. Na ce duk wannan na san shi tun ba a ƙyanƙyashe ta ba. Sannan na sassauta murya na tambaye ta ko tana da yubibi.

Kasuwar ta yi tsit, har masu ciniki suka daina. Kazar ta ce ai wannan dogo ne kamar muciya, kaza ɗaya ce tak ke saka shi a duk garin, ita ma doguwa ce, sai an kwantar da ita a kan benci. Kuma iri-iri ne. Akwai mai ƙarfi na dabbobin hamada, akwai mai sauƙi na masu zaman inuwar itace, in mutum ya ɗauki wanda bai dace ba sai ya ƙona wa dabba ido. Ta karkata kai ta ƙare mini kallo.

"Baba Tanimu ne ya aiko ka?"

Kun ji fa. Kazar da na ciyar da dusa da hannuna, na tsallakar da ita annoba, ita ma wai Baba Tanimu. Na ce babu wanda ya aiko ni, ƙafata ce ta kawo ni. Ta ce to ƙafar ta mai da ni, don ba a ba da dogon ƙwai sai an san wanda ya zaɓa. Nan take na ji wani abu ya yi mini zafi a ƙasan cibiya. Da na duba, farar rigata ta yi wani ɗigon baƙi a daidai ciki. Na sa hannu na rufe.

Ban san yadda aka yi ba, sai ga ni a kotu, wai an yi ƙarata. Alƙalin ƙadangare ne mai jan kai, yana kwance ruf da ciki a kan tebur, duk abin da aka faɗa sai ya gyaɗa kai, ko da tari aka yi. Mai ƙarar wani tsoho ne dogo baƙi, da babbar riga da taurarinta duk suka kakkaɓe. Aka ce sunansa Dare.

Dare ya yi bayani a natse. Ya ce tun shigowar sanyi kullum sai ya zo ƙofar kejin Delu da 'yar tabarmarsa, ya yi sallama, jan ƙwai ya kore shi. Ya ce shi ba mai son fitina ba ne, gidaje da yawa a birni sun daina karɓarsa ya haƙura, amma wannan baiwar Allah tana buƙatarsa. Hawainiya ba ta samun barci sai an kashe mata komai, wuri ya yi duhu, ya ɗan yi sanyi.

Na miƙe na ce shekara da shekaru ina kunna wa kaji jan ƙwai har gari ya waye, ba wanda ya taɓa kai ni ƙara. Sai aka kira shaidu. Wasu zakaru suka shigo da jajayen idanu, ashe 'yan tsakina ne da suka girma. Suka ce tun da suka zo duniya ba su taɓa runtsawa ba, shi ya sa har yau suke cara da azahar. Alƙali ya gyaɗa kai. Na ce sharri ne, haɗa baki aka yi. Alƙali ya gyaɗa kai. Aka tambayi Dare me yake nema, ya ce ba komai, a dai yi masa irin ta gidan Baba Tanimu, inda da magariba ake kashe fitilun keji a ce masa bismillah.

Nan raina ya ɓaci sosai. Na ce yanzu Dare, da ya girmi kakan kowa a nan, shi ma Baba yake ce wa Tanimu? Tanimun da tare muka yi satar mangwaro? Sai alƙali ya ɗaga kai ya yi magana karon farko.

"An yanke maka tambaya guda. Je ka yi ta."

Na ce a musanya mini da bulala, ko nawa ce zan ɗauka. Ya gyaɗa kai, amma kafin in ce wani abu an riga an naɗe kotun an jingine ta a bango. Baƙin rigata ya kai faɗin faifai, hannu ɗaya ya daina rufe shi.

Sai dabara ta faɗo mini. Tunda a garin nan rana a rijiya take zaune, me zai hana in je wurinta kai tsaye in yi maganin dillalai? Don in nuna wa duniya kuwa, na sa Delu a cikin akwatin gilashi sabo fil, irin na masu sayar da soyayyen kifi, wanda ko a mafarki Tanimu bai mallaki irinsa ba. Na ɗora a ka na gangara cikin rijiya, ƙafata tana taka iska, iskar kuma tana ɗaukata ba tare da ƙorafi ba.

Na tarar da Rana zaune a kan kujera 'yar tsuguno tana tankaɗe. Mace ce mai jiki, ba ta da yawan magana. Na gaya mata buƙatata. Ta ce 'ya'yanta uku ne, akwai Haske, akwai Zafi, sai autansu wanda ba a ganinsa, sai dai a ji takunsa. Ta ƙwala musu kira ta ce su shiga su duba baƙuwa. Haske ya ratsa gilashin ya shige abinsa. Zafi ya bi bayansa, da ya shiga kuma ya ƙi fita, har Delu ta buɗe baki tana haki. Autan kuwa, sai na ji ƙum, wani abu ya yi karo da akwatin.

Na ce wa iska sannu.

"Yauwa, Malam," in ji wata 'yar murya. "Ni ne Yubibi. Gilashi ba ya barina in wuce, tun kakanni ba ma shiri. Ta raga nake bi."

Yaro ne mai ladabi, ban ji daɗin hakan ba. Ya ce aikinsa ɗaya ne, shi ke sa abin da dabba ta ci ya zauna a ƙashinta, in ba ya nan ko me ta ci sai ƙashin ya yi laushi. Na roƙe shi ya zaga ta baya. Ya ce gilashi ba shi da baya, ko ta ina gaba ne. Rana ta ɗago daga tankaɗenta ta ce ta san hawainiyar nan, akwai wata yarinya da kullum da hantsi takan kawo mata ita, kwana biyu ta daina ganinsu. Na kau da kai. Sai autan ya ce in ina son ganin yadda ake haɗa keji, in leƙa gidan Baba, na katse shi na ce kada ya ƙarasa, na san Baban da yake nufi. Na fito da Delu na mai da ita kafaɗata. Akwatin ya ga ba a buƙatarsa, ya tashi ya tafi neman kifi.

Da na fito daga rijiyar sai na hangi wani abu a gefen hanya yana haske. Dogon ƙwai ne, fari tas, an yar da shi a cikin ciyawa, ba waya ba komai amma yana ci. Wayyo daɗi! Na ɗauke shi na rungume. Na ce ga shi nan, Allah ya kawo mini har inda nake, ban tambayi ɗan kowa ba. Na ɗaga shi a kan Delu ina jira in ga ta yi kore. Ta juya ido ɗaya ta kalle shi, ta mai da idon inda yake.

Sai ga wasu dattawa ɗauke da makara ba kowa a ciki. Suka tsaya suka yi mini sallama, babbansu ya ce in yi haƙuri in ajiye mamacin, makwancinsa za su kai shi. Na ce wane mamaci, ba ku ganin yana haske?

"Ya rasu tun damina," in ji dattijon. "Bai dai samu labari ba."

Suka yi mini bayani cikin tausayi. Wai su dogayen ƙwayayen nan haka suke, bayan 'yan watanni autan Rana yakan tattara nasa ya fice daga cikinsu, ya bar Haske shi kaɗai yana gadin gida. Wanda bai sani ba sai ya yi ta kunna gawa yana murna, dabbarsa tana narkewa. Na ce to ta yaya mutum zai gane? Suka kalli juna. Na ce ya isa, na gane, kada ma su faɗi sunan. Suka kwantar da ƙwan a makara suka wuce, ina hango haskensa yana fitowa ta tsakanin kafaɗunsu.

Na ɗaga ƙafa zan bi su, sai ƙafar ta lanƙwashe ta inda ba gwiwa. Ɗayar ma ta bi ta. Ba ciwo, laushi ne kawai, kamar taliyar da ta daɗe a ruwa. Delu ta ce ita ma haka nata ya fara. Na ci gaba da tafiya da jan ciki, rigata duk ta rine har wuya.

Katangar da ke tsakanin gidana da na Tanimu ta zo ta tsaya a gabana, ashe tun ɗazu take bina. A kanta Zuwaira na zaune da kakin bautar ƙasa, tana lilo da ƙafa. Ta rame kaɗan, na ce a raina abincin can ne bai karɓe ta ba. Ta duba hagu ta duba dama, ta buɗe baki ta ce Baba. Kalmar ta fito ta faɗo ƙasa, ja, mai sheƙi, kamar goro. Na ja jiki da sauri in ɗauke kafin wani ya riga ni. Kafin hannuna ya kai sai ta tsage gida biyu. Ɓari ɗaya, wato ba, ya gangaro ya tsaya a damata, ɗaya ba ɗin ya tsaya a haguna, ni ina tsakiya a kwance.

Mutane suka fara wucewa. Duk wanda ya zo sai ya tsaya ya karanta mu a jere, ya ce ba Haladu ba, ya yi gaba. Mai kayan miya ya karanta. Kazata ta zo wucewa da farantinta ta karanta. Na yi ƙoƙarin in jawo ɓarin nan biyu in haɗe su, hannuna ya naɗe ya ƙi ɗaukar komai. Sai Zuwaira ta sunkuyo daga kan katanga ta duba da kyau, leɓenta yana motsi a hankali. Ta juya ta dira ta ɗaya ɓangaren. A duk yawon da na yi a garin nan ba abin da ya yi mini ciwo irin wannan, na kifa kai na yi kuka sosai.

Da na ɗago, ina tsakar gidan Tanimu. Yana zaune a kan tabarma da butar shayi, da tabarau a kan hanci, yadda na san shi. Kejinsa na tsaye a baranda, raga ta ko'ina, cike da ganye. Farin ƙwai a kusurwa ɗaya, dogon ƙwai a kwance a kan ragar sama, tasa hawainiyar a ƙarƙashi tana miƙa, kore har tana ɗaukar ido. A gefe akwai wani kejin irinsa sak, da reshe da ganye, da nasa dogon ƙwan, amma a kashe. Delu ta sauka daga kafaɗata da ƙyar ta shiga ta kama reshen da hannu ɗaya.

Hasken ƙwan Tanimu ya faɗo a kanmu, sai rigunanmu suka zama kamar ba mu sa ba. Nasa cikin fari sol, har da ɗan tumbi. Nawa kuwa baƙi ƙirin, har wani hayaƙi yake yi. Na jawo tabarma in rufe, hasken ya ratsa tabarmar.

"Ni launin abin da na jingina da shi nake ɗauka," in ji Delu daga kan reshe. "Tun tafiyar Zuwaira a wajenka nake. Baƙin ciki ne, kuma ba irin na rashi ba, irin wanda ake yi wa mutum."

Na ce ta yi mini shiru, ba da ita ake ba. Tanimu ya yi kamar bai ji ba, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan, don da ya yi dariya da na samu abin kamawa. Ya zuba mini shayi. Ya ce ƙwan can a shirye yake, ba ya aiki da wuta ko sola, da tambaya yake kamawa, da na yi ta zai kunnu. Ya naɗe hannu yana jira.

Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne ina kwana. Ya ce lafiya lau. Na ce ina gajiya, ya ce ba gajiya. Na ce yaya iyali, yaya sanyi, yaya fama da jama'a. Kowace gaisuwa na yi sai ta faɗo daga bakina ta zama ɗan tsako, ta yi tsiyau-tsiyau ta shige ƙarƙashin tabarma. Na gaishe shi da aiki, alhali ya yi ritaya. Na tambayi lafiyar surukinsa da ya daɗe da rasuwa. Na gaishe shi da ruwan bara. Shi kuwa yana ta amsawa, bai gaji ba, bai kuma taimake ni da ko kalma ɗaya ba. Tsakar gida ta cika da 'yan tsaki har sun fara hawa butar shayi.

Hannun Delu ya fara zamewa daga reshen. Yatsa ɗaya ya saki, na biyu ya bi. Ba ta yi kuka ba, ta dai juyo da idanunta duka biyun ta kafa mini, karon farko tun da na san ta. Sai ta saki gaba ɗaya. A garin nan abu ba ya faɗuwa da sauri, a hankali take saukowa, jelarta a warware, ina da lokacin da zan yi magana. Na ji muryar Zuwaira a bayan ƙofa tana tambaya ko an gama. Na tattara duk ƙarfin da ya rage mini a jiki, na danne wata gaisuwar da ta taso mini, na haɗiye ta da gashinta. Na ce Tanimu. Ya ce na'am. Na ce don Allah, wane ƙwai ne ya...

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

Na buɗe ido. Gari ya waye tangaran, ina kan katifata, ƙafafuna da ƙashinsu. Ƙarar ba ta daina ba, daga barandata take fitowa, ƙarar filaya ce tana yankan waya. Na duba kusurwar ɗaki, ba keji, jan ƙwan kaɗai ke lilo a kashe. Ragowar tambayar tana nan a kan harshena. Na ce alhamdulillahi, yau kam zan ƙarasa ta, ko wanka ba zan tsaya yi ba, yanzu zan zaga gidansa in tambaye shi da bakina, in ya so in haɗa kejin da hannuna.

Na fito da singileti. An fitar da kejin Delu baranda, inda hantsi ke faɗowa. Tanimu na tsaye a kan kujerata ta roba, da tabarau a kan hanci, yana ɗaure wani dogon ƙwai a kan ragar sama. Ladidi matata tana riƙe masa da kwalin. Ya juyo ya gan ni ya yi murmushi.

"Malam Haladu, ka tashi? Yi haƙuri na shigo maka gida da sassafe. Zuwaira ce ta kira ni bayan kun yi magana, ta ce in zo kawai, ta san ba za ka tambaya ba."

Na tsaya da baki a buɗe, tambayar tana ciki, ba inda zan kai ta. Kujerar ta ɗan karkace a ƙarƙashinsa, ya ce in taimaka in riƙe masa. Na matsa na riƙe.